Ranar da na ƙi yi wa Falmata tausa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Bintu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda 'ya ke durƙusawa har ƙasa ta yi wa uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata miki makwanci, ya haskaka shi. Ni ce Yagana, babbar 'yarki, daga nan garin Diffa. Na san babu motar da za ta kai miki wannan takarda. Duk da haka zan rubuta, kuma zan sa ta inda jama'a za su karanta, don ina son matan da ke kirana gidajensu su ji zancen daga bakina.

Abu biyu kika bar mini. Na farko sana'arki ta tausa. Na biyu Falmata, autarki, wadda kika kama hannunta kika sa cikin nawa, kika ce, "Ga ƙanwarki nan, ke ce uwarta yanzu." Shekara tara ina riƙe da su biyun, ban taɓa tsammanin wata rana ɗaya zai nemi hallaka ɗaya ba. Inna, a bana saura kaɗan Falmata ta biyo ki, kuma da hannuna.

Kin tuna yadda kika koya mini, can ƙauyenmu na kusa da Geskeru, tun kafin zaman can ya gagara mu taso gari? Mata su dawo daga tsinkar tattasai, ƙafafunsu sun yi nauyi, su zube a tabarmarki. Ki ɗora ɗan kwanon man shanu a kan garwashi, ki jira ya narke, ki gwada zafinsa a bayan hannunki. Sai ki kama idon sawu, ki bi sharaɓa da babban yatsa, ki haura gwiwa, ki wuce cinya. In na yi kuskure na gangaro ƙasa, ki buge mini hannu. Kullum maganarki ɗaya ce: "Kora gajiyar sama, Yagana, kora ta wajen zuciya, kada ki bar ta ta kwana a ƙafa."

Da wannan na ci abinci har yau. Babu mai jegon da za ta yi arba'in a unguwarmu ba a aiko an kira ni ba. Har yabona ake yi, ana cewa hannun Bintu bai mutu ba. Ni kuwa kin san ni da fankama, in aka faɗa sai in ji kaina ya ƙara girma.

Falmata ta daɗe tana zubar da jini tana ɓoyewa. Halinki ta ɗauko, ciwo sai ya kayar da ita take yarda akwai shi. Tana zuwa gona, tana girki, tana ramewa, in na tambaya ta ce zafi ne. Ranar da jiri ya ɗebe ta a bakin murhu, ni da mijinta muka kai ta asibiti ba tare da neman shawararta ba. Aka yi gwaje-gwaje, aka aika wani abu can nesa aka jira sakamako. Da ya dawo likita ya zaunar da mu ya ce ciwon daji ne a mahaifa, kuma sai an yi aiki an cire ta gaba ɗaya. Falmata ba ta yi kuka ba. Tambayarsa kawai ta yi ko za ta tashi kafin tattasai ya nuna.

Ana gobe aikin, da la'asar, wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ɗakin da aka kwantar da ita. Ita ce majo ta ɗakin, wato babbar masu jinya, sunanta Madam Aisa. Gajeriya ce, siririya, ba ta kai Falmata shekaru ba, muryarta ƙasa-ƙasa sai ka matso kake ji. Ta fito da igiyar awo irin ta tela, ta auna sharaɓar Falmata ta dama da ta hagu, ta rubuta. Ta tambaye ta ko ta taɓa kumburin ƙafa, ko wani a danginmu ya taɓa. Sannan ta zura mata wata doguwar safa fara mai matsi, tana gyara ta kada ta naɗe.

Kin san bakina ba ya shiru. Na ce da ita, ni dai na ji an ce ciki za a buɗe, ban ji an ce za a ɗinka wa ƙafa wando ba. Ta yi murmushi ta ce, "Yaya, cikin na likita ne, ƙafafun nawa ne." Na ɗauka wasa take yi.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Aka fito da ita da robobi a hannu da a jiki, fuskarta ta yi fari fat. Na zauna a gefenta ina kore mata ƙuda, ina cewa a raina wannan baiwar Allah sai ta yi mako biyu ba ta ko juya ba. Haka muka sani, ai. Wanda aka yanka kwanciya yake yi, a ba shi kunu a baki, a hana shi ɗaga ko cokali.

Washegari da hantsi sai ga Madam Aisa. Ta duba Falmata, ta ba ta maganin zafi, ta jira ya kama. Sannan ta ɗaga kan gadon, ta zaunar da ita, ta sauko da ƙafafunta ƙasa, ta ce ta dafa ɗinkin da matashi ta miƙe. Inna, matar da aka tsaga cikinta jiya. Falmata ta cije leɓe, gumi ya karyo mata, ta dube ni irin kallon da take yi mini tun tana yarinya in an zalunce ta.

Raina ya ɓaci, na manta a asibiti nake. Na ce da Madam Aisa ba ta da imani. Na ce da ƙanwarta ce a gadon da ba ta yi mata haka ba. Na faɗi wasu maganganun ma da nake jin kunyar rubuta miki. Ko kallona ba ta yi ba. Ta riƙe Falmata a kafaɗarta, suka yi taku uku zuwa taga, suka yi uku suka dawo, ta kwantar da ita a hankali, ta share mata gumi. Sai da ta gama ta ce in biyo ta baranda.

Na fita da shirin faɗa. Sai ta zaunar da ni a benci, ta ce in miƙe ƙafata, in kama sharaɓata da hannu, in ɗaga yatsun ƙafa sama in mayar ƙasa. Na yi, ina hararar ta. Ta ce me na ji a tafin hannuna. Na ce tsoka ce take tauri tana saki. Ta ce to wannan tsokar ita ke tura jini daga ƙafa ya koma zuciya. Zuciya tana aiko shi ƙasa, amma hawowa sama sai tsokar ƙafa ta matse jijiya ta tunkuɗa shi. Kuma a cikin jijiyoyin Allah ya sa wasu 'yan ƙofofi ƙanana da ke buɗewa sama kawai. Jini ya wuce su rufe, ba ya komawa baya.

Shekara talatin ina kama sharaɓar mutane, na san taurinta da laushinta, na san ta mai ciki da ta tsohuwa, ban san akwai ƙofofi a ciki suna buɗewa suna rufewa a ƙarƙashin yatsuna ba. Duk takun da kika yi daga gida zuwa bakin kogin Kumadugu da tulu a kai, suna ta aiki, ba ki sani ba, ba su kuma nemi ki sani ba. Na riƙe ƙafata ina ta motsa yatsu kamar ƙaramar yarinya, ina tasbihi a zuci.

Sannan ta gaya mini abin da take tsoro. Ta ce jini in ya tsaya wuri ɗaya yakan dunƙule ya zama guda a cikin jijiya. Ta ce abu uku sun haɗu a kan Falmata: shi kansa ciwon daji yana sa jini saurin daskarewa, yanka ma yana ƙara sa shi, ga kuma kwanciya. Nan take na tuna hanyar ruwan gonarmu, yadda in injin ban ruwa ya tsaya kwana biyu laka ke kwantawa ta toshe ta. Na gaya mata, ta ce to na gane. Amma ta ce bambancin shi ne wannan gudan yana iya ɓallewa, jini ya ɗauke shi ya haura, ya ratsa zuciya, ya je ya toshe huhu. Mutum yana zaune lafiya, an ce aiki ya yi kyau, sai numfashi ya gagara, kafin a kira wani ya tafi.

Ashe ta ji labarin ni mai tausa ce. Ta kama hannuwana biyu ta juya su tana dubawa, ta ce, "Kafaɗa da wuya ki matsa mata yadda kike so. Amma ranar da kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, ki mayar da hannunki baya ki kawo mini ita. Kada ki murza ko sau ɗaya." Na ce to. A raina kuwa na ce yarinya ce, ba ta san hannun Bintu ba.

Kwana takwas muka yi a asibitin, na zuba ido ina kallon aikinta. Kullum da safe ta cire safar, ta duba fatar diddige da tsakanin yatsu, ta taɓa ƙafa biyun da bayan hannu, ta auna, ta rubuta, ta mayar. Kullum allura ɗaya 'yar ƙarama a fatar ciki, ta hana jini daskarewa. Ta ga na cusa wa Falmata matashi a ƙarƙashin gwiwa don ta ji daɗi, ta zare shi ta ce yana danne jijiya. Ta ajiye mata gorar ruwa ta ce kafin azahar ta ga ta ƙare. In za ta wuce ta ƙofar ɗakin, ko ba ta shigo ba, sai ta leƙo ta ɗaga hannu tana lanƙwasa shi, duk matan da ke gadaje su hau motsa ƙafa suna dariya. Taku shida suka zama zuwa ƙofa, zuwa ƙofa ya zama zuwa ƙarshen baranda.

Abin da ya fi ba ni mamaki, babu wanda ke gode mata a kan wannan. Likitan da ya yi aiki shi ake sa wa albarka, kuma ya cancanta. Ita kuwa tana yaƙi da abin da bai zo ba, in ta ci nasara babu abin da za a gani. Mutum ya tashi ya tafi gida, bai san an tare masa komai a hanya ba.

Ranar sallama ta koya mini yin allurar da kaina. Ta ce hannuna ba ya rawa, zan iya. Ta ce a ci gaba da ita har mako huɗu daga ranar aiki, a ci gaba da sa safa, a ci gaba da tafiya safe da yamma, a sha ruwa. Ta sa na maimaita mata alamomin nan har sau biyu, ta ƙara da cewa in ta ji ciwon ƙirji ko numfashi ya yi mata wuya kada mu tsaya neman mayafi. Na maimaita tsaf, kamar ɗalibar kirki.

Inna, a nan laifina ya fara, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Mun dawo gida, 'yan dubiya suka cika shi. Daga Geskeru aka zo, daga Maine aka zo, har waɗanda muka yi shekaru ba mu gani ba. Gwaggo Hajja, ƙanwar Baba, ta tare a gidan da buhun kayanta, ta karɓi ragamar jinya. Kin san ta, Allah ya ƙara mata lafiya, son Falmata take yi kamar ranta. Ta shimfiɗa mata katifa a ƙuryar ɗaki ta ce nan za ta zauna. In Falmata ta yunƙura, ta ce ina za ki, mutane sun zo daga nesa su tarar da majinyaciya tana yawo a tsakar gida, su ce me? Ta ga safar ta ce wannan zafin na bayan damina, a ɗaure wa yarinya ƙafa kamar jakar gero, a cire. Falmata kuma ta rage shan ruwa don kada ta yi ta ratsa baƙi zuwa bayan gida.

Ni na san gaskiya, ni aka zaunar a benci aka yi wa bayani. Kwana biyar na farko na dage. Amma fatar cikinta ta yi tabo baƙi-baƙi saboda allura, duk lokacin da na ɗauko ta sai ta kau da kai hawaye na zuba. Wata safiya ta ce, "Yaya, don Allah yau ɗaya ki bar ni." Na bar ta. Gobe ma na bar ta. Na ce a raina ai ta warke, ga ta tana cin tuwo, tana hira. Kwana huɗu babu allura, babu safa, babu tafiya sai zuwa alwala. Tausayi na kira abin a lokacin, kuma har ga Allah tausayin nake ji.

A rana ta biyar, bayan an karya kumallo, Falmata ta kira ni ta ce ƙafarta ta hagu ta ƙulle, kamar an ɗaure tsokar da igiya. Kafin in iso Gwaggo ta riga ta ɗora kwanonki a kan garwashi. Ƙanshin man shanu ya cika ɗakin. Ta ce in zo in yi abin da na gada, kwanciya ce ta tara mata gajiya. Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Na durƙusa, na tsoma yatsu a man, na gwada zafinsa a bayan hannu, na kama idon sawunta.

Zafin ƙafar ne ya tsayar da ni. Na taɓa ta dama, sanyi ƙalau. Na dawo ta hagu, kamar an ajiye ta a rana, fatar ta yi tauri tana sheƙi. Na cire ɗankwalina na zagaya sharaɓar dama da shi, na riƙe wurin da ya haɗu, na kai shi ta hagu. Bai haɗu ba, saura wajen yatsa uku. Babban yatsana yana daidai inda kika koya mini in fara dannawa, man yana gangarowa a kansa.

Na janye hannuna na goge shi a zanena. Na ce ba zan matsa ba, asibiti za mu koma yanzu.

Gwaggo ta ce lallai boko ya shiga kaina, wata 'yar yarinya mai farar riga ta raba ni da gadon uwata. Ta ce in ba zan yi ba in matsa ita ta yi. Inna, ban taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba sai ranar. Na zauna tsakaninta da ƙafar, na ce sai dai ta fara ta kaina. Falmata tana kuka tana roƙona, ciwo ya ishe ta, ga magani a hannuna na hana. Da ta ga ba zan yi ba, ta dube ni ta ce, "Da Inna tana raye da ba ta bar ni haka ba. Ke ba ki da tausayi." Maganar ta shige ni har ƙashi. Na aika a kira mijinta ya nemo mota.

A hanya ta juya mini ƙeya. Na tallafe ƙafar a kan cinyata, tafin hannuna a buɗe, ina jin tsoron ko yatsa ɗaya ya lanƙwashe. Duk ramin da mota ta faɗa sai in dubi ƙirjinta in ga yana hawa yana sauka.

Madam Aisa tana bakin aiki. Kallo ɗaya ta yi wa ƙafar ta sa aka kawo keken marasa lafiya. Ta tambaye ni yaushe ne allurar ƙarshe, na faɗa mata gaskiya kaina a ƙasa. Ta tambayi safa, na faɗa. Sai ta tsaya ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Kin murza?" Na ce a'a. Ta sake tambaya, na rantse. Ta sauke numfashi, ta dafa kafaɗata, ba ta ce komai game da sauran ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kai ta ɗakin eko, irin na'urar da ake duba masu ciki da ita. Likita ya shafa mata wani ruwa mai yauƙi, ya ɗora kan na'urar a bayan gwiwar dama, ya ce mu dubi allo. Sai ga wani ɗan baƙin da'ira. Ya ce jijiya ce. Ya danna kaɗan, ta rufe ruf kamar baki, ya saki ta buɗe. Ya koma ta hagu ya danna, ta ƙi rufewa. Ya sake, ta ƙi. A cikinta akwai wani abu toka-toka a kwance, ya bi shi da na'urar daga bayan gwiwa ya gangara cikin sharaɓa. Ya ce ga gudan jinin nan.

Inna, na ga cikin ƙafar 'yarki tana raye, ba a yanka ba, ba a huda ba. Na ga abin da ya so kashe ta yana kwance shiru, bai kai kaurin ɗan yatsana ba. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar ba. Wanda ya halicci jijiyar shi ya sanar da bayinsa yadda za su leƙa cikinta, ni kuma ya nufe ni da gani.

Na tambayi Madam Aisa, da ya ɓalle ta ina zai bi. Ta sa yatsa a bayan gwiwar Falmata ba tare da ta danna ba, ta ja shi a iska ya haura cinya, ya wuce mara, ya tsaya a ƙirji. Hanyar da kika koya mini ce, Inna, tiryan-tiryan. Daga ƙasa zuwa sama, wajen zuciya. Na zauna a ƙasan ɗakin. Ta ce babu wanda zai iya rantsewa tausa ɗaya za ta ɓalle shi, amma babu mai hankalin da zai gwada.

Ba don in tuhume ki na rubuto ba, Allah ya sani. Hannunki ya sauke wa ɗaruruwan mata gajiya, kuma a ƙafa mai lafiya abin da kika koya mini daidai ne, har Madam Aisa ta ce jini can yake son tafiya. Ba ki da na'ura, ba wanda ya zaunar da ke a benci. Amma tun ranar nake tuna masu jegon da aka ce sun tashi lafiya, sun yi wanka, sai kawai suka faɗi. Mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma kwanan ne. Ban san ko akwai wadda ƙafarta ɗaya ta kumbura a cikinsu ba, ban san ko ta bi ta hannuna ba. Na bar wa Allah sani, ina neman gafararsa gare ni da ke. Yanzu duk gidan da aka kira ni, sai na jera ƙafa biyu na duba kafin in ɗora mai a wuta.

Aka sake kwantar da Falmata, aka ƙara mata ƙarfin allurar, safe da yamma, aka ce za ta daɗe tana shan magani bayan nan. Madam Aisa tana zuwa tana sauraren ƙirjinta, tana ƙirga numfashinta, tana duba ɗinki ko yana zubar da jini. Gwaggo ta zo da kunu, ta ji bayani daga bakin likita, ta zauna a bakin gado tana jan carbi. Da za ta tafi ta tsaya a kaina ta ce Allah ya yi mini albarka. Falmata kuwa kwana biyu ba ta yi mini magana ba. In na miƙa mata ruwa ta karɓa, idonta a bango. Ban san ko fushi ne ko kunya ba, ni ma ban san wanne nake ji ba, tunda ni na bar allurar.

A rana ta uku ciwon ya lafa, likita ya ce tunda magani ya kama jiki, ta tashi ta taka. Ina zaune a baranda na ji Madam Aisa tana lallashinta ta kama kafaɗarta. Sai na ji muryar Falmata, a shaƙe, tana cewa, "A'a, Madam. Kira mini Yayata."

Na shiga. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba, kin san mu. Ta ɗora hannu a wuyana, ta sake mini nauyinta gaba ɗaya, muka fito. Ta yi sauƙi ƙwarai, Inna, ina jin ƙasusuwan haƙarƙarinta a jikina. Muka wuce ginshiƙi na farko, muka wuce na biyu. A na uku ta tsaya tana haki, na ce ƙirjin ne? Ta ce a'a, gajiya ce kawai. Sai ta kwantar da kanta a kafaɗata ta ce, "Gobe ko na yi kuka ki yi mini allurar." Na ce ko ta yi ihu unguwa ta taru sai na yi. Ta yi dariya, ta dafe ɗinki, ta ce mu ƙarasa.

Ban san abin da ke gaba ba. An sallamo mu gida, an ce sai mun je Yamai a ci gaba da maganin ciwon kansa, kuma babu wanda ya yi mana alkawarin komai. Amma yau da safe ta taka da ƙafarta har bakin titi ta dawo, ta sha ruwa, ta ɗage riga da kanta ta ce in zo in yi. Ta yi kukan, na yi allurar.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya gafarta miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, ke da Baba. Allah ya ba Falmata lafiya mai ɗorewa, ya bar ta ta ga auren 'ya'yanta. Allah ya saka wa Madam Aisa da alheri, ita da duk mai tayar da majinyaci yana zaginsa, ya tsare su ranar da ƙafafu ke zamewa. Ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin zuciyar riƙe amanarki har ranar da zan mayar miki da ita hannu da hannu. Amin.

Taki har kullum, mai kewarki safe da yamma,
Yagana.